Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga marubutan soyayya da masu shirya fim, daga yayar wata mai sikila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayena da yayyena da ƙannena masu rubuta littattafan soyayya, na takarda da na waya, da ku masu ɗaukar labaran nan kuna mayar da su fim. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni makaranciyarku ce tun lokacin da ake zuwa shagon unguwa a karɓi hayar littafi, a shigo da shi gida a ƙarƙashin hijabi, a karanta da fitilar ƙwai bayan kowa ya kwanta. Yau littafin ya koma cikin waya, sai an biya kuɗi a saka mutum a zauren WhatsApp, ko a riƙa binsa shafi-shafi a Wattpad, amma har gobe ban daina ba. Saboda haka maganar da zan yi muku ta gida ce, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta.

A daminar bara, wajen ƙarfe biyu na dare, ciwon autarmu ya tashi. Sikila gare ta. Wanda bai taɓa kwana da mai sikila ba, ba zai san abin da ake nufi ba idan an ce ciwon ya tashi. Ihu ne, da birgima, da gumi. Ta ce mini ji take kamar ana dukan ƙasusuwan bayanta da taɓarya. Muka buga wa maƙwabcinmu mai Keke Napep ƙofa, ya fito cikin ruwan sama, kuma duk ramin da ya faɗa a hanya sai ta ƙwalla ƙara ta damƙe hannuna. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta soke ta sau biyar tana neman jijiya, don jijiyoyin hannun sun gaji da allura tun tana 'yar shekara uku. Daga ƙarshe a ƙafa aka samu. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi allurar kashe zafi, gari na wayewa aka ce a nemo jini leda biyu. Kwana tara muka yi.

Idan zafin ya lafa, waya take ɗauka ta shiga karatun littattafanku. Shi ne abin da ke ɗebe mata kewa, kuma ina gode muku a kan haka. A kwana na shida na ga ta kifa wayar a ƙirji ta ƙura wa silin ido. Na ce, "Auta, jikin ne?" Ta ce, "A'a Yaya. Ita ma ta mutu." Na ce wa? Ta ce yarinyar cikin littafin. Sai ta juyo ta kalle ni da idanun nan nata da suka yi rawaya, ta ce, "Wannan ne na huɗu da na karanta. Duk wadda aka ce tana da irin ciwona, sai an kashe ta kafin a gama. Kuma kafin ta mutu sai ta roƙi mijinta ya auri ƙawarta."

Tun daga ranar wasiƙar nan take cina.

Na san ba ku kuka ƙirƙiro wannan salon ba, ya daɗe a duniya. A 1970 Erich Segal ya fitar da Love Story a Amurka, littafi da fim duk a shekara ɗaya: ɗan masu kuɗi ya auri 'yar talaka, sai cutar jini ta ɗauke ta tana da ƙuruciya. Jarumar fim ɗin, Ali MacGraw, an nuna ta a fim ɗin tana mutuwa a gadon asibiti gashinta a shimfiɗe kan filo, fuskarta tas, har mai sharhin fina-finai Roger Ebert ya raɗa wa irin wannan rashin lafiya sunanta, yana nufin ciwon da ba shi da wata alama sai dai mai shi ya ƙara kyau yayin da ajali ke matsowa. A 1999 Nicholas Sparks ya rubuta A Walk to Remember, aka yi fim ɗinsa a 2002. Mu kuma ta Indiya abin ya fi iso mana. Wa ya manta Kal Ho Naa Ho na 2003, inda Shah Rukh Khan yake ɗauke da ciwon zuciya, ya ɓoye son da yake yi wa yarinya, ya yi ta fafutuka sai ta auri abokinsa? Idan kuka duba da kyau, can ne tushen wasiyyar nan ta "ka auri ƙawata" da ta cika littattafanmu, sai dai mu mun juya ta a kan mace.

Wanda ya fi tashe a zamanin matasan yanzu shi ne The Fault in Our Stars na John Green, wanda ya fito a 2012. Fim ɗinsa na 2014 an kashe masa kusan dala miliyan 12, ya kawo sama da miliyan 300. Indiyawa suka sake yin sa da sunan Dil Bechara a 2020, aka sake shi 'yan makonni bayan mutuwar jaruminsa Sushant Singh Rajput. Na karanta littafin, na kalli fina-finan biyu, na kuma yi kuka kamar kowa. Amma abin da nake so ku lura da shi ba kukan ba ne, yadda aka yi labarin ya samu ne. Kafin Green ya zama marubuci ya yi watanni yana aiki a asibitin yara a jihar Ohayo, yana zama da yara masu jinya da iyayensu yana kwantar musu da hankali. Ya yi shekaru yana ƙoƙarin rubuta abin da ya gani, labarin ya ƙi tsayuwa. Sai ya yi abota da wata yarinya mai ciwon dajin maƙoshi, Esther Earl, wadda ta rasu a 2010 tana da shekara 16, kuma ita ya sadaukar wa littafin. Shi ya sa yarinyar labarinsa take jan tukunyar iskar oksijin duk inda za ta, hawa matakala ke gagarar ta, tana fushi, tana tsiwa, tana kwana da tunanin abin da zai samu mahaifiyarta bayan ta tafi. Saurayin an yanke masa ƙafa saboda dajin ƙashi. Da ciwonsa ya dawo, marubucin bai rufe mana ido ba: akwai wurin da ta same shi cikin mota da tsakar dare, ya yi amai a jikinsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro saboda ya kasa yi wa kansa komai. Maganin da ya tsawaita ran yarinyar kuwa ƙirƙirarsa ya yi, kuma ya fito fili a ƙarshen littafin ya faɗa cewa babu shi a duniya.

Ko a can ma ba a bar masu irin wannan labari sun sha ruwa ba. A 2019 aka fitar da Five Feet Apart, labarin saurayi da budurwa masu sistik faiburosis, wani ciwon gado da ke cika huhu da majina mai kauri. Likitoci suna umartar masu wannan ciwo su bar tazarar ƙafa shida tsakaninsu, don kada su shafa wa juna ƙwayoyin cuta. A fim ɗin masoyan sun saci ƙafa ɗaya, suka mayar da ita biyar. Mai ba da umarnin fim ɗin, Justin Baldoni, ya yi aiki da wata mai ciwon, Claire Wineland, wadda ta koya wa 'yan wasan yadda rayuwar take, ta kuma rasu a 2018 tana da shekara 21 bayan dashen huhu, kafin fim ɗin ya fito. Duk da wannan ƙoƙari, masu ciwon da yawa sun fito sun ce ba su yarda ba, an mayar da dokar da ke tsare rayukansu abin ado a soyayya. Suna da baki, sun yi magana, an kuma saurare su. Marasa lafiyarmu ba su da irin wannan baki. Idan kun yi musu kuskure, kifa waya kawai za su yi a ƙirji kamar yadda Auta ta yi.

To mu me muka ɗauko daga duk wannan? Mun ɗauko ƙaiƙayi mun bar tsaba. Ku buɗe littafi goma masu mara lafiya a ciki ku gani. Yarinya za ta yi haɓo, ko ta yi tari ta ga jini a hankici, ta yanke jiki ta faɗi. Likita zai zare tabarau ya girgiza kai ya ce saura wata uku. Sau da yawa ciwon ba shi da suna ma, in kuma an ba shi suna to "zuciyarta ta kumbura saboda damuwa". A fim kuma za a kwantar da jarumar a ɗakin asibiti ita kaɗai, da jan baki, da gira a gyare, da lalle sabo a hannun da aka liƙa wa robar ƙarin ruwa. Babu wari, babu layin karɓar kati, babu mai jinya da ta kwana a tabarma a ƙarƙashin gado, babu wanda ya tambayi nawa ne kuɗin. Kuma ciwon ba ya zuwa sai lokacin da marubuciya ta rasa yadda za ta yi da uwargida, tana son ta buɗe wa amarya hanya ba tare da an zagi mijin ba. Mara lafiyar ba mutum ba ce a labarin, tsani ce da ake takawa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Bari in ba ku labarin gadon da ke kusa da namu a wancan kwanciyar. Yarinya ce 'yar shekara 18, daga wani ƙauye mai nisa, da daji a ƙashin gwiwa. Gwiwar ta kumbura ta kai girman ƙwarya. Wata bakwai suka yi suna yawo kafin su zo asibiti: an ce targaɗe ne aka kai ta wurin mai ɗori, an ce jifa ne aka yi hayaƙi, an ce ta taka sawun iska aka yi ruƙiyya. Da suka iso, likitoci suka ce sai an yanke ƙafar, kuma ko an yanke ciwon ya riga ya kai huhu. Da mahaifinta da kawunta aka yi wannan magana a ofis. Ita ba a gaya mata ba. Kullum da safe za a shigo a ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Uwar ta ce da sauƙi, uban ya ce da sauƙi, mu ma da ke gefe muna cewa ai kin fi jiya. Wata rana da dare uwar ta fita alwala, sai yarinyar ta kira ni a hankali ta ce, "Anti, na san ba zan tashi ba. Kar ki gaya wa Inna na sani, hankalinta zai tashi." Kowa yana ɓoye wa kowa, kuma duk don so ake yi.

Akwai yaron da aka sa musu rana da shi, tela ne. Ranar Juma'a yake rufe shago ya hau mota ya zo. Ba ya zama a bakin gado, ba ya riƙe hannunta, don surukarsa na wurin kuma shi mai kunya ne. Yakan durƙusa ya gaida uwar, ya ajiye kunun gyaɗa a fulas da lemon zaƙi, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana murza hula. Iyakar abin da na taɓa ji ya ce mata shi ne, "Kin ci abinci?" Daga baya uwar ta gaya mini kekensa na ɗinki ɗaya cikin biyu ya sayar aka biya kuɗin hoton ƙirji da jini. Da ta rasu bayan an sallame mu da 'yan makonni, ni da Auta muka je gaisuwa. Maza na zaune a ƙofar gida kan tabarmi, ana miƙa wa uba hannu, ana miƙa wa kawunnai. Shi yana can ƙarshen tabarma, babu mai ce masa ya haƙuri, don a al'ada ba shi da matsayi. Shi ba miji ba, shi ba ɗan'uwa ba. Da namiji ne ya mutu ya bar budurwa, ita ma haka: babu takaba, babu zaman makoki nata, bayan sadakar bakwai za a fara yi mata maganar wani. Uwar yarinyar ce ta tuna da shi, ta aika yaro ya kira shi soro, ta miƙa masa ɗan madubin da yarinyar ke ajiyewa a ƙarƙashin filo.

Ku gaya mini, wane fim ɗin Indiya ne zai ba ku wannan? Yarinyar John Green tana zama da likitocinta ana tattauna ciwonta a gabanta, wata ƙungiyar agaji ta biya musu kuɗin tafiya Amsterdam ita da saurayinta. Tamu tafiyar daga ƙauye ce zuwa asibitin koyarwa a bayan a-kori-kura, bayan an jinginar da gona. Tasu tambayar ita ce ko za a tuna da su bayan sun mutu. Tamu yarinyar ta yarda da ƙaddara, ta san inda za ta, abin da ya dame ta shi ne ramuwar sallolin da suka wuce ta lokacin da take cikin magagin allura, da bashin da uban ya ci saboda ita. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ga namu nan jibge a kowane asibiti babu mai taɓawa.

Yanzu in dawo kan sikila, don a nan ne soyayya da ciwo suka fi haɗuwa a ƙasar nan. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan lalura. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da jinin AS, wato yana ɗauke da gadon ciwon amma shi ba ya fama da shi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki daban yake da nasa lissafin. Na nanata haka ne don na karanta a wani littafi likita yana cewa ɗa na huɗu ne zai fito da ciwon, don haka su tsaya a uku. Wannan kuskure ne mai haɗari, kuma wata za ta karanta ta ɗauka. A gidanmu mu shida ne, biyu suka zo da shi. Ɗaya ya rasu yana ɗan shekara huɗu, kafin a san ma menene, ana cewa amosani ne ana ba shi jiƙo. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure. Kun san abin da hakan ke nufi? Kullum a wani ɗakin gwaji akwai saurayi da budurwa da suka shekara uku suna tare, an kai kuɗin gaisuwa, an fara haɗa lefe, sai a miƙo musu takarda biyu kowacce da AS a jiki. Babu mugun uba a labarin, babu kishiya, babu boka. Mutum biyu ne masu son juna da wata tambaya da za ta bi su har tsufa, ko sun rabu ko sun yi taurin kai. In kuna neman abin da zai sa mai karatu kuka, ga shi nan, kuma ba sai kun kashe kowa ba.

Sannan sikila ba takardar mutuwa ba ce. Ciwo ne mai tsanani, yana kisa, ban ɓoye ba, na binne ƙane. Amma da folik asid kullum, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da yawan shan ruwa, da kiyaye sanyi, da maganin haidiroksiyuriya ga wanda likita ya ɗora a kai, mutane suna girma, suna karatu, suna aure, suna haihuwa. Akwai likitoci da lauyoyi da malaman makaranta masu SS. A Legas an yi wata dattijuwa, Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda, da ta haura shekara 90 da wannan ciwo. Amma abin da ke bakin mutane shi ne "ba sa wuce ashirin". Wanda ya fara neman Auta, jininsa AA ne, babu wata fargaba a kan 'ya'ya. Mahaifiyarsa ce ta ce ba za ta bari ɗanta ya auri gawa ba. Haka ta faɗa, kuma maganar ta dawo kunnen yarinyar. Ban ce a littafinku ta koya ba. Amma duk lokacin da kuka kashe mai sikila a shafin ƙarshe kamar dole ne, kun ƙara wa irin wannan uwa hujja, kun kuma gaya wa yarinyar da ke karantawa a gadon asibiti cewa kada ta sa rai da komai.

Ana iya yin sa ta wata hanya, kuma an yi a ƙasar nan. A 2014 Tunde Kelani ya fitar da Dazzling Mirage, wanda ya ɗauko daga littafin Olayinka Egbokhare. Jarumar tana da sikila, tana aiki, saurayi ya guje ta saboda matsin mahaifiyarsa, ciwo yana kwantar da ita tana tashi, kuma ba a kashe ta ba. Mu da muke da al'adar mayar da littafi fim tun zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, me zai hana mu yi namu da harshenmu, da soronmu, da surukanmu?

Na san abin da wasunku za su ce: labari ne kawai, kuma masu karatu kuka suke so, shi ke sa a biya kuɗin littafi. Ban hana ku rubuta mutuwa ba. Kowane rai mai ɗanɗanar ta ne, matasa suna mutuwa, kuma matashin da ya rasa masoyi yana buƙatar littafin da zai ga kansa a ciki. Wannan yaron tela yana buƙatar sa. Abin da nake roƙo shi ne ku ba mara lafiyar haƙƙinta kafin ku kwantar da ita. Ku bar ta ta yi fushi da masu ce mata ta yi haƙuri alhali su ba su san zafin ba. Ku bar ta ta yi kishi, ta yi rowa, ta so kwalliya, ta ji haushin ƙanwarta da ke fita biki ita tana kwance. Ba duk mai jinya ne waliyyi ba, kuma mayar da su waliyyai wata hanya ce ta ƙin kallonsu. Ku ba ta buri wanda ba namiji ba: jarrabawar da take son ci, shagon da take son buɗewa. Kuma in za ta mutu, ku tsaya da ita har ƙarshe yadda ake tsayawa a gidajenmu, da wanda ke ɗiga mata ruwa a baki da cokali, da wanda ke laƙƙana mata kalmar shahada muryarsa na rawa, da shirun da ke biyo baya kafin wani ya ce ta cika.

Ku masu fim, naku nauyin ya fi, don wanda bai iya karatu ba ma yana kallo, kuma abin da aka gani da ido ya fi zama. Kafin ku kunna kyamara ku kai wa likita ko ma'aikaciyar jinya labarin ya duba, awa biyu sun isa a cire manyan kurakurai. Ku sa ciwon da ke da suna, da alamominsa na gaskiya, don wata uwa za ta iya ganin kumburin gwiwa a fim ta tuna da na ɗiyarta, ta kai ta asibiti tun da wuri maimakon wata bakwai a wurin mai ɗori. Jarumar da ta karɓi wannan rawa ta yarda a goge mata hoda, a bar laɓɓanta su bushe. In kun sa waƙa ban ce komai ba, na san kasuwarku, amma kada mai dajin huhu ta tashi ta yi rawa a lambu minti biyar sannan ta koma gado. Kuma ku tuna ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ranar sikila ce ta duniya, ƙungiyoyin masu ciwon suna taruwa a garuruwanmu. Ku je. Ko kuma ku sami asibitin da ke kusa da ku ranar da ake ganin masu sikila, ku nemi izini, ku zauna kan benci tare da iyaye mata daga safe zuwa azahar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma za su gaya muku in kun tambaya da ladabi. In kun ɗauki labarin wani, ku nemi yardarsa, ku kuma ba shi wani abu daga abin da kuka samu, don kuɗin magani ba ya jira.

Da na gama rubuta wannan na karanta wa Auta. Tana zaune a tsakar gida tana duba littattafan ɗalibanta, don yanzu tana koyarwa a wata firamare kusa da mu, ta sa safa da rigar sanyi saboda hunturu ya fara shigowa. Na ce akwai abin da kike so in ƙara? Ta yi shiru, sannan ta ce in gaya muku shekararta 24, ƙugunta na dama yana damunta har tana ɗan ɗingishi, tana tara kuɗin komawa karatu, kuma akwai wani da ke zuwa zance ranar Asabar da Laraba wanda ya riga ya san komai. Ta ce wanda duk zai rubuta wannan, ita za ta fara biyan kuɗin littafin.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
makaranciya kuma mai jinya, daga Zariya.